Duman Inna a Kufan Turawa

Inna tana da wani irin duma da ba kowa ke da shi a ƙauyenmu ba. Ludayi yake yi, ƙarami, bakinsa daidai bakin yaro. Wuyansa dogo ne siriri, sai can wajen ƙarshe ya lanƙwashe kamar ƙugiya, yadda in aka rataya shi a bakin ƙwarya ba ya zamewa cikin kunu. Daga Gummi ta zo da irin, ƙulle a bakin tsumma cikin kayan aurenta. Uwarta ce ta ƙulla mata shi, kuma ba ta daɗe ba bayan haka ta rasu. Kowace damina Inna takan shuka shi a gindin danga bayan ɗakinta, ya hau ya rufe rumfa, har hasken da ke sauka kan tabarma ya koma kore-kore.

Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana. "Ke" take ce mini, ko ta ce da wani, "Kira min waccan." Tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka nake kwana, wato mahaifiyar Baba. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka na ga ana yi a kowane gida. Amma ina yawan kallon Inna daga nesa. Na san yadda take cije leɓenta na ƙasa in tana tankaɗe, na san ƙafarta ta hagu ce take fara sawa cikin takalmi. Magana ce dai ba ta haɗa mu sosai, ni kuwa dama ba mai magana ba ce. Kaka bebiya take kirana.

Ƙanena shi ne na biyu, shi kam babu kunya tsakaninsa da Inna. Tana yi masa waƙa, tana hura masa ciki yana ƙyalƙyala dariya. Yana da ludayinsa na kansa, mafi ƙanƙanta a cikin na shekarar, har ya tauna bakinsa ya yi zane-zanen haƙora. Da shi yake shan kunu, da shi yake bugun kaji, da shi yake barci.

Ina da shekara tara lokacin da maza suka fara kawo duwatsu gida a buhuna. Ƙauyenmu ba shi da nisa da Dareta, abin da ake yi can shi ake yi nan. Baba ya kawo, Inna ta daka a turminta na hatsi, a kai inji a niƙa, a wanke a nemi zinariya. Garin dutsen toka-toka ne, mai laushi kamar hoda. Yana sauka a kan komai. Akwai busassun duma guda biyar da Inna ta ajiye a kan rumfa ba ta fafe ba, na iri, ni kuma nakan hau turmi in rubuta baƙaƙen da aka koya mana a bayansu da yatsa. Ƙanena yana zaune a gindin Inna yana kwaikwayon daka da ludayinsa, yana ɗibar ƙasa yana kaiwa baki. Ba wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen. Ba mu ma san dalma tana kisa ba.

Shekarar ce yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa. Da abin ya zo kan ƙanena, aka tafi da shi asibiti a Anka, Inna ta bi shi. Suna can masu aikin kwashe ƙasa suka iso gidanmu. Sun rufe hanci da baki, suna da shebur da baro. Sun yi wa Baba bayani cikin ladabi cewa gubar tana cikin ƙasar gidan, dole a kankare ta a kawo sabuwa. Ruwa ya riga ya sauka, duman Inna ya tsiro, ganye huɗu-huɗu a gindin danga. Shebur ya bi ta kansa. Suka ɗauki turmi, suka naɗe tabarmi, sai ɗayansu ya miƙa hannu kan rumfa ya sauko da busassun duman nan biyar, da rubutuna a jikinsu, ya zuba a buhu.

Ina tsaye a bakin ƙofar Kaka ina kallo. Na san na iri ne. Na san babu wani a ko'ina. Maganar ta zo mini har maƙogwaro: ku bar ɗaya, a wanke. Mutumin ma ya dube ni, idanunsa suka yi alamar murmushi a saman ƙyallen da ya rufe fuska. Na sunkuyar da kai. Aka ɗaure buhun aka jefa a mota.

Bayan kwana tara Inna ta dawo, bayanta babu goyo. Ta tsaya a tsakar gida tana duban jar ƙasar da aka shimfiɗa, sabuwa fil, ko sawun kaza babu. Ta zagaya bayan ɗakinta, ta dawo ta ɗaga kai ta dubi rumfa.

Daga ranar ta kafa dokokinta. Takalmi a zaure yake tsayawa. Ba a cin abinci sai an wanke hannu da sabulu, har ƙarƙashin farce. Ba ta shara sai ta yayyafa ruwa. Baba ya bar haƙa ya koma gonarsa ta gero da dawa, ba tare da an yi doguwar magana ba. Babbar dokar ita ce, duk wanda ke kwana a gidan nan ba ya zuwa wajen tsauni, domin can aka haƙa rami aka binne ƙasar gidajenmu. Ta taɓa aikawa Gummi a nemo mata irin duma. Wanda aka aiko ya fito da wuya miƙaƙƙe, ƙaton baki. Ta bar wa maƙwabta shi, ta sayi ludayin roba, ba ta ƙara shuka komai a gindin danga ba. Ko da ta sake haihuwa, mace, ba ta yi mata waƙa. Tana kula da ita ƙwarai, amma kullum kamar mai riƙe da ƙwai a tafin hannu. Sunan ƙanena kuwa bai sake fitowa daga bakinta ba.

Shekara huɗu bayan haka, na shiga makarantar kwana a Anka, na dawo hutu bayan girbi. Wata safiya Kaka ta ɗauko doguwar gorarta mai ƙugiya da buhu biyu.

"Ke bebiya, taso ki raka ni tsamiya. Kullum kina bisa takarda kamar gara."

Inna tana wanke-wanke ta ɗago kai. "Ina za ku, Inna?" Haka take kiran Kaka ita ma.

"Nan bayan hwadama," in ji Kaka, ba ta ko ƙifta ido ba.

Mun bi hanyar fadama har gidaje suka ɓace, sai Kaka ta karkata hagu, ta nufi tsauni. Na tsaya cik.

"Kaka, Inna ta hana."

"Uwarki ta hana ɗiyanta. Ni ɗiyarta ce? Ni na haihi wanda ya aje ta." Ta ci gaba da tafiya. "Tsamiyar hwadama yara sun ƙare ta tun tana ɗanya. Ta bisa ba mai taɓa ta. Ba mu zuwa wurin ƙasar, can sama za mu, kuhwan Turawa. In tsoro kike ji, koma ki hwaɗa mata, in kina da bakin hwaɗi."

Ta san ba ni da shi. Na bi ta.

Hawan bai yi tsayi ba, amma duwatsu ne masu santsi da busasshiyar ciyawa mai kama zani. Kaka tana hawa tana hutawa, tana zagin gwiwarta kamar wata baƙuwar da ta ƙi tafiya. Daga ɗaya ɓangaren tsaunin muna jiyo ƙarar inji can nesa, inda baƙi 'yan wasu jihohi ke haƙar sababbin ramuka. Ɓangarenmu shiru ne, sai kukan kurciya.

Ban taɓa ganin gini irin wannan ba. Ɗakuna uku ne a jere, an gina su da dutse zalla, kowane dutse an sassaƙe shi an ɗora kan ɗan'uwansa. Rufin ya tafi tun tuni. Tagogin manya ne, har mutum zai iya zama a ciki, kuma a ɗayansu wata 'yar bishiyar ɓaure ta fito daga tsakanin duwatsu, saiwarta ta bi bangon ƙasa kamar yatsu. A ɗakin tsakiya akwai wani rami a jikin bango, baƙi ƙirin, da hanya da ta yi sama.

"Murhu ne," in ji Kaka. "Nan Bature ka hura wuta shi zauna shina jin ɗumi. Wuta cikin ɗaki, ƙasar Anka! Ubana yac ce ko da bazara sai shi sa a kawo mai itace." Ta yi dariya har ta dafa bango.

Mahaifinta lebura ne a nan lokacin da Turawa ke haƙar zinariya, tun ba a haife ta ba. Ita kanta kufai ta tarar da wurin, suna zuwa wasa da ƙawayenta. Ta nuna mini bakin babban ramin, wanda ƙaya ta kusa rufewa, ta riƙe mini hannu gam, ta ce in jefa dutse. Na jefa. Na ƙirga har huɗu a zuciyata kafin na ji ya faɗa ruwa, sai jemagu suka taso fuu, wari mai ɗumi ya bugo mu. Ta ce da kwando ake fito da ƙasa daga can ciki, mutum na miƙa wa mutum, kuma mahaifinta har ya mutu tsakiyar kansa ba gashi saboda kwandon. Ta ce wata rana kawai Turawan suka ɗaure kayansu suka tafi, suka ce za su dawo bayan damina.

Tsamiyoyin suna gefe, guda uku, inda leburori suke cin abinci a da. A jikin babbar akwai guntun ƙarfe da aka rataya ana bugawa lokacin tashi aiki. Bishiyar ta girma ta haɗiye rabinsa, ɓawon ya tattaru a kansa kamar leɓe. Kaka ta buga shi da gorarta. Bai yi ƙara ba, sai wani ɗan "ƙum".

"Shi ma ya tsuhwa," ta ce. "To, tsinta. Ni in kaɗo, ke ki tsinta, kada ki tsaya min kallon ƙadangaru."

Na tsinta har buhu ɗaya ya kusa cika. Amma idona ba ya zama wuri ɗaya. Na ga fasassun kwalabe masu kauri, kore shar, rana na ratsa su. Na ga wani maɓalli na ƙarfe a cikin tsakuwa. Bayan ɗakin ƙarshe kuma akwai wata ƙatuwar ƙafar inji, ta fi ni tsayi, ta yi tsatsa ja, rabinta ya nutse a ƙasa. Wani busasshen yaɗo ya nannaɗe ta. Na matsa in ga ko garafuni ne.

A jikin ƙarfen, sama da kaina kaɗan, abu uku suna reto. Launin ƙasa-ƙasa, ƙananan ciki, dogon wuya siriri, can wajen ƙarshe ya lanƙwashe.

Na bi igiyar yaɗon da ido. Ta sauko daga ƙarfen, ta bi gindin bango, ta fita ta wata ɓaraka, ta gangara. A ƙasan gangaren ga wani tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, an kewaye shi da turaku masu fentin da ya ɓaɓɓare. Nan aka binne ƙasar gidajenmu da buhunan da aka kwashe. Ruwan sama ya zaizaye gefensa ɗaya. Daga wannan gefen har zuwa inda nake tsaye, duk busassun igiyoyi ne, na bana a kan na bara, da fasassun duma a ƙasa, wasu gara ta cinye, wasu sun yi baƙi. Kowace damina yana zubar da 'ya'yansa ya ƙara matsowa sama. Shekara huɗu yana wannan tafiyar, ba wanda ya sani.

"Ke! Mi ya same ki? Maciji?"

Na nuna da hannu. Kaka ta zo tana ɗingishi, ta kare ido da tafin hannu, ta daɗe tana kallo.

"La'ilaha illallahu," ta ce a hankali. Ta dubi tudun can ƙasa, ta sake duban duman. Sai ta juya. "Bar shi nan. Mu tahi."

Ban motsa ba.

"Na ce bar shi. Shekara huɗu muna lallaɓa uwarki. Yanzu ta hwara cin abinci kamar mutane. Ki kai mata wanga, ki maishe ta jiya? Kuma daga cikin ƙasar nan ya hito, ke da kanki kin gani."

"Bai taɓa ƙasa ba, Kaka. A sama yake."

"Uwarshi ta taɓa."

Na ce, "Ina tsaye suka sa su a buhu. Guda biyar. Na san na iri ne, ban yi magana ba." Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ranar. Muryata ta fito wata iri, kamar ta wani.

Kaka ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Shi kike ɗauke da shi duk shekarun ga? Ke da kike da shekara tara?" Ta ja tsaki, amma idonta ya kawo ruwa. "Ashe bebiya na da baki, sai ta hau dutse shi ka buɗewa. Kauce min."

Ta ɗaga gorarta ta saƙalo wuyan na tsakiya, wanda ya fi kyau, ta murɗa. Ya faɗo cikin hannuna, ba nauyi ko kaɗan, 'ya'yan suna caccaka a ciki. Ta kwance tsohon ɗankwalinta ta naɗe shi, ta ce kada ya kusanci tsamiya. Kafin mu shiga gari muka tsaya a rijiya muka wanke ƙafafu da takalma da hannuwa, ita tana ta mita cewa dokar surukarta ta bi ta har daji.

Kwana goma sha ɗaya duman yana soke a rufin zaure, inda takalma ke tsayawa, don na kasa shigar da shi ciki kuma na kasa nuna shi. Kullum in na wuce sai na ɗaga kai. Kaka ta ce ita ba ruwanta, wanda ya ɗauko shi ya san yadda zai yi. Sau biyu ina zuwa bakin madafa in tsaya, Inna ta ce, "Mi kike so?" in ce, "Ba komai."

Ranar da zan koma makaranta, da hantsi, akwatina yana ɗaure, Baba ya tafi neman mai babur. Na sauko da shi, na kwance ɗankwalin, na ajiye shi a ƙasa a waje, gaban zaure. Na leƙa ciki.

"Inna, zo ki gani."

Ta fito tana goge hannu a zani, ƙanwata tana goye. Ta tsaya a bakin zaure. Na ga ta cije leɓenta na ƙasa. Ta kai hannu kamar za ta ɗauka, sai ta janye ta rungume hannun a ƙirji.

"Ina kika samo shi?"

Na gaya mata. Ban rage komai ba, har tudun da turakun.

Ba ta yi faɗa ba. Ta kamo wuyan hannuna ta ja ni ciki har bakin randa, ta ɗauko sabulu da soso, ta durƙusa. Na ce mata kwana goma sha ɗaya ke nan, kuma mun wanke a rijiya. Kamar ba ta ji ba. Ta wanke mini hannu har gwiwa, ta bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta sa tsinke ta bi ƙarƙashin kowane farce. Ta ɗauraye ta sake. Fatata ta yi ja tana zafi, amma ban janye ba. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa riƙe hannuna tsawon haka ba. Ina kallon tsakiyar kanta, inda ɗankwali ya zame, na ga furfura uku da ban san da su ba.

Kaka ta fito daga ɗakinta. "Ni na kai ta. In faɗa ne, ga ni."

"Inna, rashin ɗa ɗaya ya ishe ni," ta ce, ba ta ɗago kai ba. Daga nan ta ce da ni, "Ɗauke shi daga ƙohwar gida."

Mai babur ya iso. Na rasa inda zan kai shi, sai na rataya shi da wuyansa a reshen bedin, wato darbejiyar, da ke bayan katangarmu. Da muka ɗau hanya na waiwaya, yana nan yana reto. Duk zangon karatun nan ina tunanin na yi ɓarna, na tono mata abin da ta binne, kuma a banza.

Hutun da na dawo na gaba, bedin ba komai a jikinsa. Ban tambaya ba. Sai a hutun damina, ina saukowa daga babur, na ga wata tsohuwar randa mai fasasshen baki a gindin bedin, an cika ta da ƙasa, an kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Yaɗo ya fito daga ciki ya kama bishiyar, da fararen furanni da suka fara buɗewa don yamma ta yi.

Kaka ce ta ba ni labari, tana tsefe mini kai. Ta ce sati uku Inna tana fita da sunan zubar da shara, ta tsaya gindin bedin ta dawo. Wata safiya ta ɗauki bokiti da sabulu ta fita. Ta fasa duman da dutse, can waje, ta ware 'ya'yan ta wanke su ruwa bakwai, tana zubar da kowane ruwa a rami. Ɓawon ta binne shi. Ƙasar randar kuwa daga gonar Baba ta sa aka ɗebo.

"Amma ta ce ba a sha da na bana. Iri ɗai za ta ɗiba."

Haka aka yi. Da suka bushe ta zaɓi ɗaya ta ɗebi 'ya'yansa, sauran ta binne. Ba wani likita ko malami da ya ce mata ta yi haka, ita ta tsara abinta. Damina ta biyu ta shuka a bakin zaure, daga ciki, inda takalma ke tsayawa, ya hau rufin zauren. Kowa ya ɗauka shi ke nan. Da suka bushe ta sake ɗibar iri, ta sake binne sauran.

"Wai ni sai na mutu za a sha hura da ludayin ga?" in ji Kaka. "In haka ne a hwaɗa min, in yi sauri."

"Allah shi ba ki haƙuri, Inna. Saura damina ɗaya."

"Duma ya yi wanka ya hi amarya!"

Inna ta yi dariya. Gajeriya ce, ta rufe baki da bakin mayafi, amma ni da Kaka muka dubi juna.

Damina ta uku ta shuka shi a gindin danga, bayan ɗakinta. Da na dawo hutu na tarar ya rufe rumfa, hasken kan tabarma ya koma kore-kore, ƙanwata tana kwance a ciki tana ƙirga ƙananan duman da ke reto da yatsa. Bayan girbi Inna ta sauko da su. Ta zauna a kan tabarma da wuƙa, ta zaɓi ƙarami, ta ja layi daga baki har ƙarshen wuya, ta fafe shi a hankali don kada lanƙwasar ta karye. Ta jiƙa, ta kankare cikin, ta shanya. Ina gefe ina riƙe da littafi ban karanta ko layi ɗaya ba.

Ranar da ya bushe ta dama kunun tsamiya, tsamiyar kasuwa, ta zuba a ƙwarya ta rataya ludayin a baki. Bai zame ba. Ta ba Kaka ta fara sha, sannan ta miƙa wa ƙanwata. Yarinyar ta kama wuyan da hannu biyu, ta sha, ta ciji bakin.

"Haka yayanki ka yi," in ji Inna. "Nashi ya hi wanga ƙanƙanta. Duk ya tattaune shi." Sai ta faɗi sunansa, ta gaya wa yarinyar yadda yake korar kaji. Kaka ta tashi ta shiga ɗaki wai za ta nemo goro, ta daɗe ba ta fito ba.

Da zan koma makaranta Inna ce ta ɗaure mini akwati, abin da Kaka ta saba yi. Sai da na isa Anka na buɗe. A ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kunu ga ɗaya rabin ludayin, naɗe a takarda. Kusa da shi ga wani ɗan tsumma, an ƙulle bakinsa tam. Na taɓa na ji 'ya'yan duma ne. Sai na tuna abin da ta ce a zaure lokacin da nake sa takalmi, tana duban bango kamar da shi take magana: ta ba maƙwabta, ta aika Gummi, kada irin ya sake zama wuri ɗaya.

'Yan ɗakinmu sun yi mini dariya ranar farko, suka ce na zo da kayan tsofaffi. Na dama kununa a kofin roba, na rataya ludayin a bakinsa. Yanzu in ɗayarsu ba ta da lafiya shi take aikowa a ara, wai kunu ya fi daɗi da shi. Nakan bayar, amma ni nake wankewa da kaina. Ƙullin irin kuwa yana can ƙasan akwati cikin safa. Na tambayi mai gadin makaranta ko zan iya shuka biyu a gindin wayar shinge bayan ɗakin kwananmu in ruwa ya sauka, ya ce in shuka, shi zai kore awaki.